Injiniyan da Ba Injiniya Ba

Duk garin Injiniya ake kiransa, kuma shi ba injiniya ba ne. Akitek ne, wato mai tsara gini a takarda tun kafin a kafa bulo ɗaya: ina ƙofa za ta kalla, ina taga za ta zauna, ta ina iska za ta shiga, ta ina mutane za su fita. Injiniya kuwa shi ne mai lissafin rodi da kankare don kada ginin ya faɗo wa mutane a ka. Karatu daban, takardar shaida daban, ƙungiya daban. Wannan bambanci bai taɓa damun kowa a garin ba sai shi. Abokan sana'arsa Sakatare suke ce masa, saboda muƙamin da yake riƙe da shi a ƙungiyarsu ta jiha, kuma da wannan sunan za a bi labarinsa, tunda shi ne kaɗai bai taɓa musantawa ba.

Mahaifiyarsa ce ta fara. Shekarar da ya samu jami'a ya zo ya gaya mata abin da zai karanta. Ta sa ya maimaita, ta gwada faɗa, harshe ya ƙi.

"Wannan ai sunan maganin tari ne," in ji ta. "Ba dai gini za ka riƙa yi ba?"

"Zanawa zan yi, Inna. Wasu ne za su gina."

"To, Allah ya taimaka."

Kafin la'asar maƙwabta sun ji cewa ɗanta zai zama injiniya. Mahaifinsa tela ne, ya ɗan fi fahimta, domin ya san akwai mai yanka akwai mai ɗinki. Amma ko shi, in ya zo nuna ɗansa ga masu kawo ɗinki, injiniya yake cewa, don maganar ta fi saurin ƙarewa.

Da ya gama karatu ya yi 'yan shekaru a ƙarƙashin wani, sannan ya kama ɗaki a saman wani kantin magani, ya sa tebur, ya jingina nadaddun takardu a kusurwa. Ya yi shawarar kada ya wahalar da jama'a da baƙuwar kalma, ya ce wa mai rubutun allo ya sa MAI ZANEN GINE-GINE. Allon ƙarami ne, mai rubutun kuma mutum ne mai son manyan haruffa. Ya rubuta MAI ZANE yadda za a hango daga ƙetaren titi, ya cusa sauran a ƙasa kamar tururuwa. A makon farko mata sun yi ta hawo matakala. Wata ta tsaya tana haki, ta dubi ɗakin, ta ce:

"Malam, ina zannuwan?"

Ya warware mata takarda ɗaya, tsarin gida mai ɗaki uku. Ta dube shi, ta dubi takardar.

"Atamfa nake nema. Ka daina wasa da gwiwoyin mutane."

Ya sauke allon ya sa wani mai ɗauke da AKITEK. Wannan karon ba wanda ya hawo, sai wani mutum da ya tambaya ko ana gyaran waya. Abin da ya cece shi mai kantin maganin ne. Duk wanda ya shigo sayen magani ya ambaci fili ko siminti, sai ya nuna masa sama da haɓa ya ce, "Injiniya yana nan." Da haka aiki ya fara zuwa.

Aikin kuwa iri ɗaya ne yawanci. Mutum zai zo da hoton gidan wani a waya ya ce irin wannan yake so, amma a ƙara ɗaki biyu, a kan filin da bai kai rabin na mai hoton ba. Sakatare zai je ya auna, ya duba ta ina rana take faɗuwa, ya zana. Mai gida zai karɓa ya yaba, ya miƙa wa magini, magini ya toshe tagar da ba ta yi masa ba, ya mayar da matakala inda ya saba sa ta. In gidan ya yi zafi a ce zanen ne. In ya yi kyau a tambayi wanda ya yi fenti. A shekarun farko yakan gyara wa kowa sunan sana'arsa, da bayani, wani lokaci har da zane a bayan ambulan. An san shi da wannan kamar yadda ake sanin mutum da tari.

Yana da wata ɗabi'a kuma. Duk ɗakin da ya shiga, ƙofa yake fara dubawa: ciki take buɗewa ko waje, guda nawa ce, mutum nawa za ta fitar a lokaci ɗaya. Matarsa, ma'aikaciyar jinya ce a babban asibiti, ta ce ranar da ya fara zuwa gidansu sai da ya gaisa da ƙyaure kafin ya gaida babanta. Ƙaninta, wanda kowa ke kira Auta, injiniya ne na gaske, kuma shi yake yi wa zanen Sakatare lissafin ƙarfe. Suna aiki lafiya, sai dai bakin Auta ba ya hutawa.

"Yaya, ka zana mana abin da zai tsaya da ƙafarsa mana. Wannan barandar a kan me za ta zauna, addu'a?"

"Aikinka ke nan. In ba don ni ba, kabari mai hawa biyu za ka riƙa gina wa mutane."

Haka rayuwarsa take tafiya har ranar da wuta ta kama wani bene a bakin kasuwa. Ƙasa shaguna ne, sama ajin koyon kwamfuta. Wutar lantarki ta tashi a wani shago, hayaƙi ya bi matakalar, wadda ita kaɗai ce a ginin. Ƙofar ajin ciki take buɗewa, ɗalibai kuma suka taru a bayanta suna turawa, don haka ta ƙi buɗuwa. Tagogin duk an yi musu ƙarfen ɓarayi. 'Yan dako ne suka hau da guduma suka ɓalle ƙarfen taga ɗaya. Ba a rasa rai ba, amma an karya ƙafafu wajen dirowa, kuma wasu sun daɗe a ɗakin da matar Sakatare take aiki, ana sa musu iska a hanci. Ginin kuwa ko tsagewa bai yi ba. Yana nan har yau, an sake masa fenti.

A rediyo aka yi ta tambayar wane injiniya ne ya yi wannan aiki. Aka samo shi, ya kawo lissafinsa, aka ga ba shi da laifi, domin an ce masa gini ya tsaya, gini kuwa ya tsaya. Tsarin ɗakunan mai ginin ne da magininsa suka yi shi a ƙasa da tsinke. Babu dokar da suka karya.

Ƙungiyar akitek ta jiha ta kira taro. Shugabanta dattijo ne mai farin gashi, wanda in ya miƙe magana mutane kan gyara zama su kashe waya don kada caji ya ƙare a banza. Aka yanke shawarar kai ƙudiri majalisar dokokin jiha. Shafukansa da yawa, amma sashe ɗaya ne ransa: duk ginin da jama'a za su taru a ciki, makaranta ko asibiti ko ɗakin taro ko kasuwa, ba za a ba da izinin gina shi ba sai da sa hannun akitek mai rajista. Saura wanda zai bi ƙudirin, ya yi kamun ƙafa, ya zauna a bakin ofisoshi. Ana cikin wannan mahawara wayar mutuminmu ta yi ƙara, ya fita ya amsa. Da ya dawo aka yi masa tafi. Tun ranar yake Sakatare.

Ginin majalisar ya ba shi aiki tun daga ƙofa. Doguwar baranda ce a rufe, babu taga, benci a jere, masu jira suna fifita da takardun da suka kawo. A ɗakin kwamitin ayyuka akwai ginshiƙi a tsakiya sosai, yadda rabin masu zama ba sa ganin shugaban kwamiti, shi ma ba ya ganinsu, kuma an ce ɓangarorin biyu sun gamsu da hakan. Shugaban kwamitin, wanda kowa ke kira Ciyaman, tsohon mai motocin haya ne, ƙaton mutum mai fara'a, mai son ya ga ya yi wa mutum alheri a gaban jama'a.

"Injiniya! Shigo, shigo. An ce kana nemana."

"Ranka ya daɗe, akitek ne."

"Wa?"

"Ni."

"Madalla. Sunan gidanku ke nan?"

Sakatare ya gyara zama ya fara bayani tun daga tushe. Ciyaman ya saurara da ladabi na ɗan lokaci, sannan ya saurara yana duba waya, sannan ya daina saurara. Ya ce a dawo mako mai zuwa. Makon ya zo, wasu makonni suka biyo shi, duk ranar da Sakatare ya je sai a ce Ciyaman yanzun nan ya fita, ko da kuwa ana jin dariyarsa ta cikin bango.

Ya kai kuka wurin Shugaba. A wannan karon dattijon bai yi dogon jawabi ba.

"Sakatare, doka muka aike ka nema, ba gyaran harshen mutane ba. Ko kwandasta suka kira ka, ka amsa."

Sai ya fara amsawa. Ranar farko da masinja ya leƙo ya ce, "Ina Injiniya?" ya ɗaga hannu, ya ji kamar ya sa rigar wani. Amma ƙofa ta buɗe. Ashe kowane ɗan majalisa yana da fili a wani wuri, ko ƙanensa yana da shi, ko akwai ajin da ya yi wa mazaɓarsa alkawari. "Injiniya, ɗan duba mini wannan." Ya duba. Ya zana wa wannan, ya gyara wa wancan. Ya koyi cewa a majalisa ba a fara magana da abin da ya kawo mutum, sai an tambayi iyali da gajiya da ciwon bayan da aka ambata wancan makon. Ya koyi wane ne ake samu da safe, wane ne sai a wurin ajiye motoci, wane ne in ya ce "an gama" yana nufin bai karanta ba. Ya je dubiya, ya je gaisuwa, ya riƙe wa mutane jaka. Ciyaman da kansa ya kira shi ya ce zai gina gidan da zai huta a ciki in ya bar siyasa. Sakatare ya zuba duk abin da ya sani a wannan gida, Auta ya yi lissafin ƙarfe, kuma saboda maginin yana tsoron mai gidan, an gina shi yadda aka zana. Ciyaman ya tare, ya ce bai taɓa kwana a ɗakin da iska ke zagayawa haka ba. Daga nan ya koma "Injiniyanmu".

Ƙudiri ya motsa. Aka yi karatu na farko, bayan dogon hutu aka yi na biyu, aka kira zaman jin ra'ayin jama'a. Shugaba ya karanta takarda mai tsawo daga bayan ginshiƙi, 'yan kwamiti suna jin murya ba sa ganin mai ita. Ƙungiyar injiniyoyi ba ta ma turo kowa ba, domin ƙudirin bai taɓa su ba. Aka ce kwamiti zai zauna shi kaɗai ya tace rubutun, ya mayar wa zauren majalisa don karatu na uku. Sakatare ya fara barci sosai.

Ranar wata Asabar Auta ya zo cin abincin rana, ya wanke hannu, ya zauna, ya yi gyaran murya irin ta masu jawabi.

"Yaya, ƙungiyarmu ta ce in kawo maka godiya."

"Ta me?"

"Ta doka mana. Mu ko ƙofar majalisar ba mu taka ba, sai ga shi ka ɗauko mana ita har gida. Shugabanmu ya ce ko lambar yabo ce sai an ba ka."

Sakatare ya ajiye cokali. Auta ya ba da labarin yadda ya ji shi. Magatakardan kwamiti ne ya bugo wa shugaban injiniyoyi waya yana taya shi murna. A zaman tace rubutu, Ciyaman yana karantawa ya iso kan kalmar akitek, ya yi tuntuɓe, ya sake komawa, ya tambayi mene ne wannan. Wani ɗan kwamiti ya ce ai aikin Injiniyanmu ne. Ciyaman ya ce to me ya hana a rubuta injiniya? Bawan Allahn nan ya sha wahala a kanmu, ba za mu bari kuskuren mai buga takarda ya ɓata masa doka ba. Aka bi ƙudirin daga farko har ƙarshe, duk inda kalmar ta fito aka gyara ta. Aka kuma amince kada a gaya masa, don ya ji daɗin ba-zata ranar Talata a zauren majalisa.

"Ran Talata?" in ji Sakatare.

"Nan da kwana uku. Yaya, ci abincinka mana, ai ba mutuwa aka yi ba."

Matarsa tana tsaye da tulun ruwa a hannu.

"Auta, rufe mana baki. Wato in aka sake gina irin benen nan, wa zai sa hannu?"

"Ni, Yaya."

"Kai kana duba ƙofa?"

"Ni ina ruwana da ƙofa? A ba ni nauyi in ba da ƙarfe."

Ta juya wurin mijinta. "To, Baban yara, ka ji. Ni ce nake wanke musu ciwo in an kawo su. Kai ka amsa sunan, kai za ka je ka ajiye shi."

Ya buga wa Shugaba waya. Shugaba ya ba da umarni dalla-dalla: ya je ya gyara, amma kada ya nuna wa Ciyaman ya yi kuskure, kada ya bari ya ji kamar an yaudare shi, kada kuma ya ambaci cewa ƙungiya ta san da maganar. In ran Ciyaman ya ɓaci ya janye rahoton, wa'adin majalisar ya kusa ƙarewa, sai a sake komai daga farko da sababbin fuskoki.

Washegari da hantsi ya je gidan Ciyaman. Ya same shi a falo, ya miƙe ƙafa, labule yana kaɗawa.

"Injiniyanmu! Wa ya tsegunta maka? Na ce kada a faɗa!"

"Ranka ya daɗe, wata 'yar magana ce. Kalmar nan da aka gyara."

"Kada ka gode. Aikinmu ne."

"Ba kuskure ba ce, ranka ya daɗe. Sana'a ce. Tawa. Ni ba injiniya ba ne."

Ciyaman ya yi dariya, ya ga shi kaɗai yake yi, ya tsaya.

"Ban gane ba."

"Ban taɓa zama injiniya ba."

Ciyaman ya ɗaga kai ya dubi silin. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya janye ƙafafunsa a hankali, ya laluba takalmi.

"Tashi mu ƙarasa maganar a waje." Ya ɗaga murya wajen cikin gida: "Hajiya! Ku fito da yaran nan tsakar gida su sha iska!"

A ƙarƙashin bishiya, nesa da bango, ya juyo.

"Kana nufin gidan da nake kwana da iyalina, ba injiniya ne ya yi shi ba?"

"Injiniya ya yi lissafinsa, ranka ya daɗe. Ƙanin matata. Bari in kira shi."

Auta ya zo a kan babur, ya rantse cewa ko an ɗora wani gidan a kan wannan ba zai motsa ba, ya nuna katinsa na rajista. Ciyaman ya karɓa ya juya shi gaba da baya, ya ɗan sauko, amma bai koma ciki ba.

"To shi ya yi lissafi. Magini ya gina. Kai me ka yi?"

"Na zana."

"Zane." Ya faɗi kalmar kamar an miƙo masa ƙaramin canji. "Shekara da shekaru ina kiranka Injiniya a gaban mutane kana amsawa."

"Ranar farko na faɗa, ranka ya daɗe."

"Ka faɗa da tsawo."

Ya yi tafiya zuwa bakin ƙofar gida ya dawo. Shi mutum ne da ba ya son a ce ya kori wanda ya taɓa yabo.

"Shi ke nan. Ba zan kunyata ka ba. Za a rubuta injiniya ko wannan abin naka. Kowa ya samu."

Sakatare ya san a nan ne ya kamata ya yi godiya ya tafi, kuma Shugaba zai karɓi hakan da hannu biyu. Ya kuma san mutanen garinsa. In doka ta ce wannan ko wancan, wurin wanda suka san sunansa za su je, a buga hatimi, a koma wa magini da tsinkensa.

"Ranka ya daɗe, ba ‘ko’ ba. ‘Da’."

"Harafi biyu ne fa, malam. Wancan ma harafi biyu."

"In aka sa ‘ko’, benen bakin kasuwa ya cika doka. Yana da injiniya."

Ciyaman ya tuna benen, domin ya je dubiya asibiti da 'yan jarida. Ya dubi Auta.

"Kai, in gini ya faɗi, wa za a kama?"

"Ni, ranka ya daɗe," in ji Auta, ba da son ransa ba.

"In bai faɗi ba, amma mutane suka maƙale a ciki?"

Auta ya ɗaga kafaɗa. Sakatare ya ce, "A yanzu, babu kowa."

"In an sa ‘da’ ɗin naka fa?"

"Ni."

Fuskar Ciyaman ta washe gaba ɗaya.

"Haba! To ka faɗi haka tun ranar farko mana! Wato kai ne wanda za a kama! Ai mu ma a tasha haka muke yi. In birki ya tsinke, makaniki. In an yi lodi ya wuce ƙa'ida, direba. Ba a barin mota ta tashi ba a san wanda za a riƙe ba." Ya dafa kafaɗarsa. "Je ka, an gama. Wannan karon na karanta. Hajiya, ku koma ciki!"

Ranar Talata aka yi karatu na uku. Sashen ya fito da injiniya da akitek, kowa da sa hannunsa. A ƙarƙashinsa kuma akwai wani sabon sashe da ƙungiya ba ta rubuta ba, wanda Ciyaman ya gabatar da kansa, da alfahari: duk akitek ɗin da ya sa hannu a kan ginin jama'a, aka samu mutane sun kasa fita saboda yadda aka tsara shi, za a soke rajistarsa, kuma zai yi zaman gidan yari. Zaure ya amince da murya ɗaya. Gwamna ya sa hannu bayan 'yan watanni. A barandar majalisa masinjoji suka daina ce masa Injiniya. Kalmar akitek har yanzu tana yi musu nauyi, sai suka sauƙaƙa ta zuwa Malam A-kama.

Taron ƙungiya na gaba ya cika fiye da kowane lokaci. Akwai 'yan ƙungiyar da suka daɗe suna buga hatiminsu a kan zanen da ba su taɓa warwarewa ba, kuma su ne suka fi zuwa da wuri. Wani ya miƙe ya ce an aiki mutum ya nemo musu aiki, ya dawo musu da ɗan sanda. Wani ya ce shi iyali gare shi. Wata ta tambaya ko gidan yarin ma sai akitek ya sa hannu a kansa, aka yi dariya kaɗan. Shugaba ya yi jawabi, ya yaba wa shugabancin ƙungiya bisa nasarar da aka samu, ya nuna takaici kan sakacin da aka yi wajen bin ƙudirin. A ƙarshe aka yanke shawarar a nemi majalisa ta cire sashen hukunci, kuma tunda Sakatare ne ya san hanya, shi zai koma. Ya miƙe ya ce ya karɓa.

Ya kuwa san hanya. Shekarun da ya yi a kan bencin nan sun koya masa yadda ƙudiri yake rayuwa, sun kuma koya masa duk inda yake kwanciya ya mutu. Ya rubuta buƙatar gyaran da kyau, ba kuskure ko ɗaya. Ya ɗauke ta ya kai wa wani ɗan majalisa mai kirki wanda ba a cika ganinsa a zaure ba sai ranar rantsuwa, ya roƙe shi ya ɗauki nauyinta. Mutumin ya ji daɗin girmamawar, ya sa ta a aljihun mota. Duk mako Sakatare yakan je majalisa, ya gaisa da kowa, ya tambayi iyali da ciwon baya, ya sha shayi, ya koma ofis. A ofis kuwa aiki ya ƙaru, sa hannunsa kuma ya yi tsadar samu, domin sai ya je wurin ginin da kansa ya tura kowace ƙofa ya ga inda ta nufa.

A kowane taron ƙungiya akan zo kan maganar gyaran doka, a ce Sakatare ya yi bayani. Yakan miƙe ya ce ana kan magana. A taron da ya wuce wani ya fusata ya ce shekara nawa za a yi ana kan magana. Shugaba ya tsawatar, ya ce a yi wa Sakatare haƙuri, aikin majalisa ba a yi masa gaggawa. Sakatare ya rubuta hakan a bayanin taro, ya karanto musu, suka amince.